Daga 40 zuwa 183: Yadda Linka ke Tantance Furosesar da Manhaja za ta Hau

Abu ne da ya zama ruwan dare a majalisun samari da shagunan cajin waya. A tura wa mutum gem ko wata manhaja ta Xender, fayil ya shiga har ƙarshe, ya danna zai girka, sai allo ya nuna masa "App not installed". Wani lokacin ma ta girku lafiya, amma ana taɓa ta sai ta buɗe ta rufe kanta nan take. Akan ɗora laifin a kan ƙarancin sarari, ko a ce wayar ce ta kwana biyu, ko fayil ɗin bai gama shigowa ba. Duk waɗannan na faruwa. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, wanda aka yanke hukuncinsa tun kafin manhajar ta bar kwamfutar wanda ya rubuta ta: an haɗa ta ne don wata ƙirar furosesa, ba irin wadda ke aiki a wayar ba.

Mai yanke wannan hukunci wani ma'aikaci ne da mai waya ba ya gani. Masu rubuta manhaja na kiran sa linka, wato mahaɗi.

Furosesa ba ta jin yaren C ko C++ ko Rust da ake rubuta injin manyan gem da manhajojin bidiyo da su. Lambobi kawai take ji, kuma kowace ƙira da nata. Ta Intel ko AMD da ke cikin laftof tana jin yaren x86. Ta wayar Tecno, Infinix, Samsung ko iPhone tana jin na ARM. Ko a cikin gidan ARM ɗin ma yare biyu ne: tsoho mai bit 32, da sabo mai bit 64 da kamfanin ya sanar a 2011. Bambancinsu ya wuce na Kananci da Sakkwatanci, ya fi kama da na Hausa da Fulatanci. Akwai furosesar da ta iya duka biyun, kamar yadda ake samun mai jin harshe biyu, amma yarukan kansu ba sa fahimtar juna.

Tafintan da ke juya rubutun ɗan adam zuwa waɗannan lambobi shi ne kwamfaila. Ba ya fassara manhaja gaba ɗayanta a zama ɗaya. Fayil-fayil yake bi, kowanne ya fitar masa da yankinsa, wani ɗan fayil da sunansa ke ƙarewa da .o a Android da Linux, ko .obj a Windows. Babbar manhaja kan fito da dubban irin waɗannan yankuna, kuma babu wanda ke iya aiki shi kaɗai. Yankin da ke kula da hoto yana buƙatar wani aiki da ke cikin yankin sauti, amma bai san inda zai same shi ba, don haka kwamfaila ya bar gurbi da ɗan rubutu a gefe cewa a cike nan daga baya. Linka ne ke tattara yankunan, ya jera su, ya ba kowane aiki adireshi, ya cike guraben, ya fitar da fayil guda da waya za ta iya ɗorawa.

To, cikin dubban yankunan nan, wasu daga hannun mai manhajar, wasu daga laburaren da ya sauke daga intanet, ta yaya linka ke sanin na wace furosesa ne?

Shaidar da ke goshin fayil

Ba canki-canka yake yi ba. Ba ya dogara da sunan fayil, ba ya kuma karanta lambobin ciki ya yi kintace. Kowane yanki na ɗauke da shaidarsa a goshi, a wurin da aka tsayar tun shekaru sama da 30 da suka wuce.

Android da Linux na amfani da wani zubin fayil mai suna ELF, wanda ya samo asali daga babbar manhajar Unix a ƙarshen shekarun 1980. Bayit 4 na farko na kowane irin wannan fayil ba sa canzawa: lamba 127, sai haruffan E, L da F. Bayit na 5 yana faɗin girma, 1 na nufin bit 32, 2 na nufin bit 64. Na 6 yana faɗin ta wane ɓangare ake fara rubuta doguwar lamba, ta ƙaramin gefe ko ta babba, domin furosesoshi sun taɓa rabuwa gida biyu a kan wannan. Sai bayit na 19 da na 20, inda ainihin sunan ƙirar yake, a matsayin lamba. 3 tsohuwar x86 ce. 62 ita ce x86 mai bit 64. 40 ARM ce mai bit 32. 183 kuma ARM mai bit 64, wadda mafi yawan wayoyin yau ke ji. RISC-V, sabuwar ƙirar da kowa ke da damar amfani da ita ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, ta samu 243.

Goshin gaba ɗayansa bayit 52 ne a fayil mai bit 32, 64 a mai bit 64, bai kai ɗan gajeren saƙon tes ba. Windows na da nata zubin, da nata lambobin, amma dabarar ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa koyon C++ a Visual Studio ya haɗa laburaren x86 da manhajar x64 ya san kuskure mai lamba LNK1112.

Wa ke faɗin furosesar da za a bi

Sanin ƙirar kowane yanki rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne sanin ƙirar da ake so fayil ɗin ƙarshe ya zama, don a gwada kowane yanki da ita.

Yawancin lokaci umarnin daga sama yake zuwa. Mai manhaja ba ya kiran linka da kansa. Yakan kira kwamfaila, kamar Clang da kayan aikin Android ke amfani da shi, ya faɗa masa inda aka nufa da wani dogon suna irin aarch64-linux-android21. Kashin farko ƙirar furosesa ne, na tsakiya babbar manhaja, 21 kuma lambar Android 5.0 ce, wadda ta fito a 2014, ta farko da ta karɓi bit 64. Idan Clang ya gama fassara sai ya kira linka ya miƙa masa wata ƙaramar alama, -m, tare da sunan abin da ake nema, misali aarch64linux. Daga nan magana ta ƙare. Duk yankin da goshinsa bai ce 183 ba, ba zai shiga ba.

Idan babu wannan alama, a nan halin linka ɗaya ke bambanta da na ɗan'uwansa. Tsohon linkan GNU, mai suna ld, tun ranar da aka gina shi aka dasa masa ƙirar da zai ɗauka idan ba a ce komai ba. Shi ya sa a kwamfutar mai harhaɗa manhajoji ake ganin ld iri-iri, kowanne da sunan ƙirarsa a gaba, kamar aarch64-linux-gnu-ld. Sabon linka na ayarin LLVM, mai suna lld, wanda kayan aikin Android suka mayar na dindindin tun daga fitowar NDK r22, shi fayil guda ne da ya san manyan ƙirori duka. Idan ba a faɗa masa komai ba, sai ya buɗe yanki na farko da aka miƙa masa, ya karanta goshinsa, ya ɗauki wannan a matsayin doka ga sauran. Wanda ya riga shiga shi ke da gari. Idan kuwa na farkon ne kuskuren, linka zai yi ƙorafi a kan sauran ɗaruruwan da ke daidai, ya ƙyale mai laifin.

Akwai kuma batun laburare. Mai manhaja kan ce a haɗa da laburare kaza ba tare da faɗin inda yake ba, linka ya bi foldojin da aka nuna masa ɗaya bayan ɗaya yana nema. Idan ld na GNU ya ci karo da laburare mai sunan da ake so amma na wata ƙira, ba ya tsayawa. Yakan rubuta "skipping incompatible", ya wuce folda ta gaba. Wannan ɗabi'a na da amfani a kwamfutocin da ke ajiye laburaren bit 32 da na bit 64 tare, amma ta sha rikita masu koyo. Idan bai samu wanda ya dace ba har ƙarshe, saƙon da zai rufe da shi shi ne "cannot find", wato bai gani ba, alhali mai koyo na kallon fayil ɗin da idonsa a cikin folda. Lld ba ya wannan kara. Na farkon da ya samu shi zai ɗauka, idan bai dace ba ya ce "is incompatible with", ya tsaya. Ga mai koyo, wannan gaskiyar ta fi sauƙin magani.

Me zai hana a haɗa su haka nan

Mai karatu zai iya cewa ai lambobi ne duka, me ya dami linka da yaren da ke ciki, ya jera su kawai mana. Amsar na cikin guraben nan da ake bar masa ya cike.

A ɗauki umarnin da ya fi kowane yawa wajen barin gurbi, wato na kiran wani aiki. A x86 mai bit 64, wannan umarni bayit 5 ne: na farko yana cewa kira, sauran 4 kuma fili ne da za a rubuta nisan wurin da za a je. A ARM mai bit 64, kowane umarni bayit 4 ne cif, wato bit 32. Bit 6 na sama su ne ke cewa kira, 26 da suka rage su ne na nisa, kuma ba da bayit ake ƙirga nisan ba, da yawan umarni ake ƙirga shi. Linkan da ya cike gurbin ARM da salon x86 zai zuba bayit 4 cur a kan umarnin, ya shafe kalmar kiran kanta. Abin da zai rage wani umarni ne daban, ko shirmen da furosesa za ta ƙi.

Rubutun da kwamfaila ke bari a gefen gurbi ma lamba ce, kuma ma'anarta ta dogara da ƙira. Gurbi nau'i na 2 a x86 mai bit 64 na nufin a rubuta nisa daga nan zuwa can. Nau'i na 2 a ARM mai bit 32 na nufin a rubuta cikakken adireshin can. Lamba ɗaya, aiki biyu mabambanta. Sai linka ya san abin da ke bayit na 19 kafin ya san abin da 2 ke nufi.

Har ila yau linka kan rubuta umarni na kansa. Bit 26 ɗin nan na ARM ba sa kai kira nesa da megabayit 128 gaba ko baya. A ARM mai bit 32 igiyar ta fi gajarta, domin a salon Thumb, wanda akasarin manhajojin Android masu bit 32 ke amfani da shi don rage girma, megabayit 16 ne iyaka. Manyan gem da burauza sun wuce haka. Idan mai kira da wanda ake kira suka yi nisa, linka kan dasa 'yar gada a tsakani, wasu 'yan umarni da za su karɓi kiran su miƙa shi gaba. Haka kuma idan aikin da aka rubuta da salon Thumb ya kira wanda aka rubuta da ainihin salon ARM, linka ne ke sauya umarnin kiran zuwa wanda zai juya furosesa daga wannan salo zuwa wancan. Wanda zai yi rubutu a cikin yare dole ya san wane yare ne.

Inda lambar goshi ba ta isa ba

Yankuna biyu na iya ɗaukar 40 a goshi amma su kasa zama tare. Sanannen misali shi ne yadda ake miƙa lambobi masu ɗigo, irin 3.5, daga aiki zuwa aiki. Android mai bit 32 na miƙa su ta akwatunan furosesa na gama-gari. Babbar manhajar Raspberry Pi mai bit 32 na miƙa su ta akwatuna na musamman da aka keɓe wa irin waɗannan lambobi. Idan aka haɗa su, mai bayarwa zai ajiye a nan, mai karɓa ya duba can, ya ɗebi abin da ya tarar. Manhaja ba za ta faɗi ba, lissafi ne kawai zai fito a karkace, wanda ya fi faɗuwa haɗari. Saboda haka yankunan ARM na ɗauke da wani ƙarin sashe na bayanai da ke faɗin irin yarjejeniyar da suka bi, kuma ld na GNU na duba shi. Idan ya ga saɓani sai ya ce "uses VFP register arguments, output does not", ya ƙi haɗawa.

Akwai kuma abin da linka ba ya kamawa sam. 183 na cewa ARM mai bit 64 ne, ba ta faɗin wane ƙarni ba. Cortex-A53, da ke cikin Helio A22 da G25 da G35 na MediaTek, ƙarnin farko ce. Cortex-A55 da A75 sun zo da ƙarin umarni da A53 ba ta sani ba. Idan mai manhaja ya sa kwamfaila ya yi amfani da sababbin umarnin ba tare da ya tanadi hanyar tsofaffin wayoyi ba, linka zai haɗa lafiya, waya ta girka lafiya, sai ranar da aka iso kan wannan umarni manhajar ta mutu. Wannan nauyi na kan mai manhaja, shi ya kamata ya sa ta tambayi furosesa abin da ta iya kafin ta zaɓi hanya.

Apple ta cusa a fayil guda, Android ta raba a foldoji

Tunda fayil ɗaya ba ya hawa ƙira biyu, kowane kamfani ya nemi dabarar kai wa kowace na'ura nata. Apple ta fi kowa gogewa a nan, domin ta sauya ƙirar furosesar Mac daga PowerPC zuwa Intel a 2006, ta sake sauyawa zuwa nata M1 a ƙarshen 2020. Dabararta ita ce ƙunsa fayil biyu ko fiye a cikin ɗaya, da ɗan jadawali a gaba mai faɗin inda kowace ƙira ta fara. Lambar da ke buɗe irin wannan fayil, idan aka rubuta ta da salon masu kwamfuta, tana karantuwa CAFEBABE, wadda fayilolin Java ma ke amfani da ita. Linkan Apple kan duba jadawalin, ya zari sashen da ya dace, ya bar sauran. A nan za a iya cewa linka na zaɓe da gaske, ba tantancewa kawai ba.

Zuwan M1 ya tona wani rauni. A da, manhajar gwajin iPhone da ke gudana a Mac tana amfani da yaren Intel, ita kuma wayar tana amfani da ARM, don haka ƙira kaɗai ta isa a bambanta su. Da Mac ta koma ARM sai duka biyun suka zama ƙira ɗaya, jadawalin kuma ba shi da gurbin ƙira ɗaya sau biyu. Dole linka ya koma duba wata alama ta daban da ke faɗin dandalin da aka gina yankin dominsa, kuma masu laburare da yawa suka sake shirya kayansu.

An taɓa kawo irin wannan shawara ga Linux. Ryan Gordon, wanda ya yi suna wajen mayar da gem zuwa Linux, ya gabatar da FatELF a 2009, masu kula da zuciyar Linux ba su karɓa ba. Android, da ke tsaye a kan Linux, ta bi wata hanya. Ana gudanar da kwamfaila da linka sau ɗaya ga kowace ƙira, a zuba sakamakon a foldarsa. Fayil ɗin APK ba komai ba ne illa zif. Duk wanda ya buɗe shi da ZArchiver zai ga folda mai suna lib, a cikinta kuma armeabi-v7a, arm64-v8a, wani lokaci da x86 da x86_64. Gem da aka yi da Unity na da libunity.so a ciki, manhajar Flutter na da libflutter.so. Wadda aka rubuta da Java ko Kotlin zalla ba ta da wannan folda, shi ya sa take hawa kowace waya, domin wayar ce da kanta ke fassara ta zuwa yarenta.

Lokacin girkawa, Android kan ɗauko jerin ƙirorin da wayar ke karɓa, bisa fifiko, ta nemi folda ta farko da ta dace. Idan babu ko ɗaya, shi ne "App not installed". Idan ta samu, wannan foldar kaɗai za ta ɗauka. A nan wani tarko yake. Mai manhajar da ya sa laburare biyar a armeabi-v7a amma ɗaya tak a arm64-v8a ya jefa masu waya mai bit 64 cikin matsala. Wayar za ta ga foldar bit 64 ta ɗauke ta, ta nemi sauran huɗun ta rasa, manhaja ta rufe.

Ba za ta iya aro daga ɗaya foldar ba, saboda akwai linka na biyu, wanda ke zaune a cikin wayar kanta. Duk lokacin da aka buɗe manhaja, shi ke ɗora laburarenta, ya cike guraben da suka rage, waɗanda sai a kan waya ake sanin amsarsu. Wayar da ke jin yare biyu na da irinsa biyu, linker da linker64, kuma manhaja ɗaya ta ɗayansu kawai take bi daga farko har ƙarshe. Shi ma goshi yake fara dubawa. Masu bin diddigin faɗuwar manhaja sun san saƙonsa: "is 32-bit instead of 64-bit".

Matsi daga sama da ƙasa

Apple ce ta fara kawo bit 64 a waya da iPhone 5s a 2013, ta kuma rufe ƙofar bit 32 da iOS 11 a 2017. Android ta yi tafiyar hawainiya. Daga 1 ga Agusta 2019 Play Store ya wajabta wa sababbin manhajoji masu laburaren C da C++ su zo da na bit 64. Pixel 7, a 2022, ta zama wayar Android ta farko da ke karɓar bit 64 kaɗai. Ƙirorin da ARM ya fitar a 2023, wato Cortex-X4, A720 da A520, ba su ma san tsohon yaren ba. Tsohon gem da aka adana a memori tun 2016, mai foldar bit 32 kaɗai, ba lallai ne ya hau irin waɗannan wayoyi ba komai tsadarsu.

A ɗaya gefen kasuwar, inda akasarin masu sayen waya a Kano da Maraɗi suke, matsalar a juye take. Akwai wayoyi masu araha da furosesarsu tsohuwar ƙira ce, kamar SC7731E ta Unisoc mai Cortex-A7, wadda bit 32 kaɗai ta iya. Akwai kuma waɗanda furosesarsu ta iya bit 64 amma aka ɗora musu Android mai bit 32. Redmi 9A ta 2020 sanannen misali ce, kuma wayoyin Android Go da dama haka suke. Dalilin kamfanonin ba boyayye ba ne: adireshi a bit 64 bayit 8 yake ci maimakon 4, kuma ajiye laburaren yare biyu na cin sarari, abin da waya mai RAM gigabayit 2 ba ta da shi. Illar ita ce kwali na iya cewa furosesa mai bit 64 ce, kuma gaskiya ne, amma manhajar da ta zo da arm64-v8a kaɗai ba za ta shiga ba. Masu manyan gem da yawa sun daina wahalar gina na bit 32. Irin wannan waya ce Play Store ke gaya wa "Your device isn't compatible with this version".

Turawa daga waya zuwa waya ta ƙara dagula lamarin. Tun Agusta 2021 sababbin manhajoji ke shiga Play Store a matsayin ƙunshi, shagon kuma ya yanka wa kowace waya nata: babban fayil guda, da ƙaramin fayil mai laburaren ƙirarta, da na harshe, da na girman allo. Wannan ya rage cin data sosai. Amma abin da ke cikin wayar aboki an yanka shi ne daidai wayarsa. Idan manhajar turawa ta ɗauki babban fayil kaɗai, laburaren bai biyo ba. Idan ta kwashi duka daga waya mai bit 64 zuwa mai bit 32, laburaren ya zo amma goshinsa 183 ne, wayar kuma 40 take nema.

Ko wayoyin da suka dace da 183 sun samu sabon sharaɗi. Android 15 ta buɗe hanyar wayoyin da ke raba RAM gida-gida na kilobayit 16 maimakon 4 da aka saba, kuma linka ne ke jera sassan laburare yadda za su dace da wannan awo. Laburaren da aka jera da tsohon awo na iya ƙin ɗoruwa duk da ƙirarsa daidai ce. Daga 1 ga Nuwamba 2025 Play Store ya fara neman sababbin manhajoji da sabuntawar da aka nufa da Android 15 zuwa sama su cika wannan sharaɗi, kuma NDK r28 na yin jerin da kansa.

Sanin matsayin waya ba shi da wuya. Manhajoji irin AIDA64 da DevCheck na nuna jerin ƙirorin da take karɓa. Idan jerin ya fara da arm64-v8a, bit 64 take gudu. Idan armeabi-v7a ne a gaba, bit 32 ce, ko me kwali ya ce, kuma ya kamata mai sayen waya don gem ya duba wannan tun a shago kafin ya biya. Shafuka irin APKMirror na jera kowace manhaja bisa waɗannan sunaye, sai a ɗauki wadda ta dace, ko wadda aka rubuta wa universal, mai ɗauke da foldojin duka, duk da ta fi nauyi. Shafukan da ke alƙawarin gyararren APK da zai mayar da gem ɗin bit 64 ya hau wayar bit 32 kuwa abin gudu ne. Sauya lambar goshi daga 183 zuwa 40 ba ya fassara ko umarni ɗaya da ke ciki, sai an koma ga ainihin rubutun manhajar an sake bi ta kwamfaila da linka, kuma wannan rubutu na hannun masu ita.

Masu Termux na iya ganin komai da idonsu. Umarnin getprop ro.product.cpu.abilist na fitar da jerin da Android ke bi wajen zaɓen folda. Idan kuma aka ciro wani fayil mai ƙarewa da .so daga cikin APK aka ba shi readelf -h, za a ga goshin a shimfiɗe: layin Class zai ce ELF32 ko ELF64, layin Machine kuma ya ce ARM ko AArch64.